Darasin Mako: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Karɓa, Ta Adana, Ta Tuno

 

Darasinmu na wannan mako a kan ƙwaƙwalwa ne: yadda take karɓar abu, yadda take ajiye shi, da yadda take mayar mana da shi idan mun nema. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan, ai maganar likitoci ce. To, a dubi irin ƙorafin da ya fi yawa a tsakaninmu a nan Legas. Mutum biyu, duk masu gaskiya, sun yi cinikin albasa ko na shanu bashi. Bayan wata uku wannan ya ce saura dubu ɗari biyu, wancan ya ce ɗari da hamsin ne, kowa kuma a shirye yake ya rantse. Uba ya kawo kukan ɗansa, jiya ya biya karatu sarai, yau ya tashi kamar bai taɓa ganin allon ba. Wata baiwar Allah kuma ta rasa yadda za ta yi da mahaifiyarta mai yin tambaya ɗaya sau goma a wuni. Duka ukun nan daga tushe ɗaya suke. Idan muka san yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da yardar Allah za a rage rantsuwa, a rage bulala, a ƙara haƙuri da tsofaffi.

Ayyuka uku

Duk abin da mutum ya tuna, sai da ya bi ta matakai uku. Na farko shigarwa, wato lokacin da abin ya shiga ta ido ko ta kunne, ƙwaƙwalwa ta mayar da shi irin saƙon da take ganewa. Na biyu ajiya. Na uku ɗaukowa.

Ku ɗauki misalin mai sito a kasuwar Mile 12. Mota ta zo da kaya, sai an sauke. An sauke, sai an jera a sito. Mai saye ya zo, sai an nemo an fito da shi. Idan aka nemi buhu aka rasa, to ɗayan uku ne: ko tun farko ba a sauke shi daga mota ba, ko ya lalace a sito, ko yana nan lafiya amma an jibge wasu kaya a kansa. Haka mantuwa take. Kalma ɗaya muke kiran ta da ita, alhali iri uku ce, kuma kowace da maganinta.

Ƙofar shiga ita ce natsuwa

Mafi yawan abin da muke cewa mun manta, bai ma shiga ba tun farko. Ido da kunne suna kwasar abubuwa birjik a kowane lokaci: hon ɗin danfo, kiran kwandasta, ƙarar janareta, fuskokin masu wucewa. Duk wannan yana ɗan tsayawa na ƙiftawar ido, sai ya ɓace, in ban da abin da muka mayar da hankali a kansa. Shi ya sa mutum zai ajiye makullin shago yana amsa waya, an jima ya birkice gida yana nema. Hannu ne ya ajiye, hankali yana wani wuri, babu abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwa balle a karanto.

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake ƙirga kuɗi, yana sauraron mai saye, yana kuma leƙen waya, a cikin ukun nan akwai wanda zai zube. Yaron da aka zaunar yin hadda kusa da talabijin, shi ma haka ne. Kafin a ce ba shi da kai, a fara duba inda aka zaunar da shi.

Teburin gaban shago

Abin da hankali ya kama, yana fara sauka ne a wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi. Mu kira ta teburin gaban shago. A kansa muke yin lissafin canji, a kansa muke riƙe farkon magana har mai magana ya kai ƙarshenta. Matsalarsa biyu ce: ƙarami ne, kuma kaya ba sa daɗewa a kansa.

A shekarar 1956 wani masanin Amurka mai suna George Miller ya rubuta cewa wannan tebur yana ɗaukar abubuwa kamar 7, ko ya ɗan fi, ko ya ɗan gaza. Daga baya, a 2001, wani masanin kuma, Nelson Cowan, ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaitawa da haɗa abubuwa, abin da yake iya riƙewa bai wuce kamar 4 ba. Maganar daɗewa kuwa, a 1959 wasu ma'aurata masu bincike, Lloyd da Margaret Peterson, sun riƙa ba ɗalibai baƙaƙe uku kacal su riƙe, sai su sa su ƙirga lambobi da baya-baya don kada su samu damar nanatawa. Bayan daƙiƙa 18, kusan sau ɗaya cikin goma kawai ɗaliban ke iya faɗin baƙaƙen daidai.

To, ta yaya muke riƙe lambar waya, alhali lambobi 11 ce? Ku saurari yadda kowa ke karanto tasa: huɗu, uku, huɗu. Mun ɗaure lambobin ƙulli-ƙulli, sai teburin ya ga kaya uku maimakon sha ɗaya. Huɗun farko ma ba sa ba mu wahala, don mun saba jin su. Lambar asusun banki guda 10 ce, ita ma a ƙulle muke faɗin ta. Wannan dabara ce da kowa zai iya amfani da ita da gangan: duk abin da ya yi tsawo, a yanka shi gunduwa-gunduwa.

Ladabi ɗaya kuma ya fito daga nan. Idan ka tarar da ɗan uwanka yana ƙirga kuɗi ko yana shigar da lambar asusu, ka dakata da gaisuwa har ya gama. Gaisuwar minti ɗaya tana iya share masa tebur, ya tura kuɗin mutane inda ba nan ba.

Abu mai ma'ana ya fi zama

Daga tebur zuwa sito, wane kaya ne ke wucewa? Nanatawa tana taimakawa, amma akwai abin da ya fi ta ƙarfi. A 1975, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Fergus Craik da Endel Tulving sun nuna wa mutane kalmomi ɗaya bayan ɗaya. A kan wata kalma su tambaya ko da manyan baƙaƙe aka rubuta ta. A kan wata su tambaya ko sautinta ya yi kama da na wata kalma. A kan wata kuma su tambaya ko za ta dace a cikin wata jimla. Ba su gaya wa kowa cewa za a yi jarrabawa ba. Da aka gwada su daga baya, kalmomin da aka sa su tunanin ma'anarsu su ne aka fi tunawa, nesa ba kusa ba. Waɗanda aka duba siffar rubutunsu kawai su ne suka fi zubewa.

Mun san wannan a aikace. Dillalin shanu zai gaya maka farashin da aka sayar da wani bijimi shekara biyar da suka wuce, da kamanninsa, da garin da aka ɗauko shi. Shi ɗin dai, ka gaya masa sunan maganin da likita ya rubuta masa, kafin ya kai bakin titi ya tafi. Kan nan guda ne. Farashin ya tarar da dubban abubuwan da ya riga ya sani game da shanu, ya samu inda zai rataya. Sunan maganin kuwa baƙo ne, bai san kowa a garin ba. Mu da muke zaune a ƙasar mutane mun san bambancin baƙon da ya sauka wurin mai masauki da wanda ya sauka a tasha ba shi da kowa.

Saboda haka, sabon abu a nema masa ɗan uwa a cikin abin da aka sani. Yaron da aka gaya wa ma'anar surar da yake haddacewa, ko da a taƙaice ne, an ba shi igiyar da zai ɗaure ta. Wanda aka gabatar maka, ka ambaci sunansa a take, ka tambayi garinsu, ka haɗa shi da wani da ka sani mai irin sunan.

Me ke faruwa a cikin kai?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana da mahaɗa da dubban 'yan uwanta, suna aika wa juna saƙo. Babu wani aljihu guda da ake cusa tunani a ciki. Abin da ke faruwa shi ne, idan wasu ƙwayoyi suka yi aiki tare, mahaɗar da ke tsakaninsu takan ƙara ƙarfi, gobe saƙo ya fi saurin bi ta nan. Kamar hanyar ƙafa ce a cikin ciyawa. Mutum ɗaya ya ratsa sau ɗaya, da damina ta sauka ba za a ga alamarsa ba. Idan ana bi kullum, sai ta zama turba. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa gwajin da ya nuna wannan ƙarfafuwar mahaɗa a ƙwaƙwalwar zomo. Eric Kandel kuma ya samu kyautar Nobel a shekarar 2000 saboda binciken irin wannan da ya yi a jikin wani dodon koɗi na teku.

Akwai wani ɗan sashe a can ciki, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, wajen saitin kunne, ana kiran sa hifokamfas. Shi ne kamar magatakardan sito: sabon abu ba ya zama ajiyayye sai ya bi ta hannunsa. An gane haka ne ta dalilin wani bawan Allah ɗan Amurka, Henry Molaison. Farfaɗiya ta matsa masa ƙwarai, sai a 1953, yana da shekara 27, aka yi masa tiyata aka cire mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon labari ba. Hankalinsa ƙalau, yana hira, yana tuna ƙuruciyarsa. Idan aka ba shi lamba yakan riƙe ta muddin yana nanatawa, da an ɗauke masa hankali shi ke nan. Wata masaniya, Brenda Milner, ta yi shekaru tana zuwa wurinsa, kullum kuma sai ta sake gabatar da kanta.

Abin mamaki, Milner ta sa shi bin zanen tauraro da alƙalami yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya ga kowa. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa na ƙara faɗawa, amma kullum ba ya tuna ya taɓa yi. Daga nan aka fahimci cewa ajiyar labari daban, ajiyar gwaninta daban. Shi ya sa tela ko direba ba ya manta sana'arsa ko ya yi shekaru bai taɓa ba, shi ya sa kuma tsohon da ya kasa tuna abin da ya ci da safe zai iya yin alwala daidai. Molaison ya rasu a 2008.

Wannan sashe kuma yana canzawa da aiki. A birnin Landan, kafin a ba mutum lasisin tuƙa baƙar tasi, sai ya haddace tituna kimanin 25,000, abin da kan ci shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi, ta ga ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin gwargwadon girmansa. Su kuwa duk da girmansu suka fara koyo. Don haka Alhajin da ya ba hamsin baya yake jin kunyar shiga ajin manya, yana cewa kai ya riga ya bushe, ya sake shawara.

Barci ma aiki ne

Sabon abin da aka koya kamar ɗanyen siminti yake, yana buƙatar lokaci kafin ya kama. Babban rabon wannan aiki kuwa cikin barci ake yin sa. Tun a 1924, a jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach suka sa ɗalibai biyu haddace jerin gaɓoɓi goma-goma. Wani lokaci su kwanta bayan haddar, wani lokaci su shiga harkokinsu. Bayan awa 8, idan barci suka yi sukan tuna fiye da rabi, idan kuwa a farke suka wuni, da ƙyar su kawo ɗaya. A 1994 kuma Wilson da McNaughton suka gano cewa ƙwayoyin hifokamfas na ɓera da suka yi aiki tare lokacin da yake yawo a wani wuri, sukan sake yin aiki tare idan ya yi barci. Wato ƙwaƙwalwa da kanta tana yin tishe da dare.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Da yawanmu kan fita kafin asuba don tarar motar kaya ko don gudun cunkoson hanya, ba mu dawowa sai bayan isha. Yara kuma ga boko da safe, ga Islamiyya da yamma, ga waya a hannu har sha biyun dare. Yaron da ba ya samun isasshen barci, ana zuba masa karatu ne a kwando. Karɓe wayar da dare ya fi masa amfani a kan ƙara masa malamin lesin.

Mantuwa tana da ƙa'ida

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, shi ne ya fara auna mantuwa, kuma a kan kansa ya yi gwajin. Ya ƙirƙiri gaɓoɓi marasa ma'ana sama da 2,000, yana haddace su jeri-jeri, sannan ya dawo bayan wani lokaci ya ga nawa ne ya rage na wahalar da ya sha. A 1885 ya fitar da sakamakon. Bayan minti 20, kashi 58 cikin ɗari ne ya saura. Bayan awa ɗaya, kashi 44. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi 34. Bayan wata guda, kashi 21. Ku lura, ɓarnar ba a hankali take zuwa ba. Mafi yawanta a ranar farko take aukuwa, sannan ta lafa. Abu mai ma'ana ba ya zubewa da sauri haka, amma tsarin ɗaya ne.

Ya kuma gano wani abu da ya kamata kowane uba ya sani. Jerin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, da wanda ya maimaita sau 38 amma ya raba a kwana uku, sakamakonsu ɗaya ya fito. Kusan rabin wahala, riba ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai na uku, bambancin karantawa da biyawa da ka. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun raba ɗalibai. Wasu suka yi ta karanta wani rubutu zama huɗu. Wasu suka karanta zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar, sau uku ana sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu yawan karantawa ne a gaba, kuma su suka fi amincewa da kansu. Bayan mako guda labari ya sha bamban: masu karantawa kashi 40 suka riƙe, masu gwada kansu kashi 61. Duk lokacin da ka yi ƙoƙarin ɗauko abu daga kai ba tare da dubawa ba, kana ƙara share hanyar zuwa wurinsa ne. Wahalar da ake ji wajen tunowa, ita ce aikin.

Duk wanda ya zauna a gaban alaramma zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, kuma gaskiyarsa. An raba Alƙur'ani izu 60, kowane izu sumuni 8, ga yankawa gunduwa-gunduwa. Ana rubutawa a allo da hannu, a karanta da murya, ga natsuwa. Ba a wanke allo sai an biya wa malam da ka, ga gwaji. Ana yin tishen na baya kullum, ana tilawa da dare da kuma asuba, ga rarraba maimaici, ga barci a tsakani. Mai satu kuma yana rubutawa ne daga kansa ba tare da duba mushafi ba. Hatta rikicewar da ake samu a ayoyi masu kama da juna, inda mai tilawa kan tsallaka daga wata sura ya faɗa wata, masana sun san ta: abubuwa masu kama sukan danne juna a wurin ɗaukowa. Gwanaye sun tanadi ilimin harji don maganin wannan. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki wannan tsari mu kai shi kan lissafi da Turanci da sauran darussan yaranmu, maimakon kwanan zaune a daren jarrabawa.

Yaron da ya biya jiya ya manta yau, ba lallai taurin kai ba ne. Ƙa'idar mantuwa ce ta hau kansa, kamar yadda take hawa kan kowa. Abin da yake buƙata shi ne a sake ji masa a daren, a sake da safe, a sake bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Tsoro mai yawa kuwa yana toshe ɗaukowa. Shi ya sa za ka ga yaro ya kawo karatu tiryan-tiryan a gaban mahaifiyarsa, da ya ga bulala sai ya daskare.

Tunawa ba faifan bidiyo ba ce

Nan ne wurin da ya fi shafar aljihunmu da zumuncinmu. Muna ɗauka abin da muka tuna yana nan yadda ya faru, kamar hoton da waya ta ɗauka. Ba haka ba ne. Duk lokacin da muka tuno abu, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa shi ne daga guntaye, inda ta samu giɓi ta cike da abin da ya fi kama da gaskiya, ko da abin da muka ji daga baya. Ba ta kuma sanar da mu inda ta yi ciko.

A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Mutum 50 aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna. Wasu 50 aka yi musu tambayar da kalma mai zafi, kamar a ce lokacin da suka yi kaca-kaca da juna. Kashi na biyu suka faɗi gudu mafi yawa. Bayan mako guda aka tambayi kowa ko ya ga fasasshen gilashi. A fim ɗin babu gilashin da ya fashe. Amma mutum 16 daga kashi na biyu suka ce sun gani, a kashi na farko kuwa 7. Kalma ɗaya ta dasa musu abin da bai faru ba, kuma ba ƙarya suke yi ba, haka suke gani a ransu.

Yanzu mu koma kan masu cinikin albasa. An yi ciniki a tsaye, cikin hayaniya, an ambaci farashi uku kafin a daidaita. An biya wani abu a hannu, wani ta taransifa. Tsakanin lokacin da yau, kowannensu ya yi ciniki irin wannan sau ɗari. Kowa ya ba da labarin a gida sau da yawa, kuma kowane bayarwa yana ƙara daidaita labarin da abin da ransa ke so. Ranar da suka zauna gaban sarkin kasuwa ko liman, kowa yana da tabbaci har zuciyarsa. Ƙarfin tabbaci ba hujja ba ne. Ana iya samun masu gaskiya biyu, ɗaya ya yi kuskure, ko ma duka biyun.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba za mu daina bayarwa da karɓa ba. Amma mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wasunmu na jin nauyin cewa a rubuta, kada a ce ba su yarda da ɗan uwa ba. Rubutu ba tuhuma ba ce ga amanar kowa. Kariya ce daga mantuwar da ba wanda ya fi ƙarfinta, kuma kariya ce ga magada ranar da ɗayanku ba ya nan.

Mantuwar da take ciwo ce

Manta inda aka ajiye makulli, ko sunan da ke kan harshe ya ƙi fitowa sai an jima, wannan na kowa ne, yakan kuma ɗan ƙaru da shekaru. Amma akwai alamun da ba a zama da su: mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya bayan an amsa masa, ya ɓata a unguwar da ya sani, lissafin kuɗin da ya saba ya gagare shi, ko halinsa ya canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da irin wannan lalura da muke kira gigin tsufa, kuma cutar Alzaima ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Tana fara taɓa wajen hifokamfas ne, shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin aurenta dalla-dalla amma ta ce ba a ba ta abincin rana ba. Ba neman rigima take yi ba, ba kuma maita ba ce. A amsa mata da taushin murya ko sau nawa ta tambaya, a kai ta asibiti, don wasu dalilan mantuwa suna da magani.

Idan kuwa rikicewar farat ɗaya ta zo, tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti a lokacin, kada a jira gobe. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali. Matasanmu masu tuƙa babur su riƙa sa hular kwano, don buguwar kai tana tafiya da tunani. Masu shan tiramol da kodin don su jure aiki su sani cewa da natsuwarsu da barcinsu suke biya.

Abin da za mu ɗauka mu tafi da shi

1. Abin da kake so ka tuna, ka tsaya masa. Ajiye waya, ka faɗe shi da baki.

2. Mai tsawo a yanka shi, sabo a haɗa shi da abin da aka sani.

3. Kaɗan kullum ya fi mai yawa a zama ɗaya. A yi tishe tun a ranar farko.

4. Rufe littafi ka biya da ka, sannan ka duba inda ka yi kuskure.

5. A bar yara su yi barci, mu ma mu samu namu.

6. Bashi da ajiya da haɗin jari, a rubuta a wurin, a ranar, da adadi da ranar biya. Kowa ya gani, a sa shaida, a ɗauki hoton takardar a tura wa juna ta WhatsApp.

7. Idan aka samu saɓani a kan abin da ya wuce, kada a yi saurin kiran ɗan uwa maƙaryaci, kada kuma a yi saurin rantsuwa. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Muna roƙon wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi a rumfa, ya kuma kai takardar gida don iyayenmu mata su ji. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya buɗa ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kiyaye zumuncinmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga Sakataren Masallaci